Minti Ashirin da Shida

Ƙarfe biyun dare a Istanbul,
hawa na tara, inda fitilu ba sa barci.
Shayi ya huce a ɗan kofin gilashi
mai ƙugu irin na zanzaro,
ni kuwa ina rabon minti ashirin da shida
tsakanin duk wanda ke numfashi a doron ƙasa.

Tayfun ya jawo kujera.
"Sevgül, me za mu sa a goshi?"
Jirgin fito ya kife a gaɓar Sulawesi,
an tsamo arba'in da ɗaya, ana laluben saura.
Ministoci sun yi musafaha a Brussels.
Alkama ta ƙara kuɗi.
Can ƙasan jeri, layi ɗaya tal:
ƙasa ta zaftare a tudun Rize,
gida shida, gonar shayi, gada guda.

Na san gadar.
A kanta na fasa haƙorin gaba ina 'yar shekara bakwai.

Ƙa'ida na manne a bango tun kafin a ɗauke ni aiki:
kashi ɗaya na gida, uku na waje.
Masu zuba kuɗi suna son duniya ta ga fuskarmu,
masu kallo a Lima da Almaty suna neman tasu.
Jiya an bugo daga hawa na sama, wai gida ya yi kaɗan.
Shekaranjiya wani ya rubuto daga Osaka:
in kanku za ku yi ta kallo,
ai madubi ya fi tauraron ɗan Adam araha.
Mai rabon nama ba ya rasa mai harararsa.

Waya ta girgiza a kan tebur. Innata ce.
"Muna makarantar firamare, an ba mu barguna.
Shanun Idris sun tafi.
Ba a ga Remziye ba, tun magariba.
Za ki nuna mu?"
Na ce zan duba.
Ta ce, "Kullum kukan baƙi kike haskawa,
sai ka ce ke ba a binne cibiyarki a ko'ina ba."

Na toshe kunne da abin sauraro,
na buɗe hoton Sulawesi.
Wata mata a bakin ruwa
riƙe da takalmin yaro, ƙafa ɗaya, na roba, shuɗi.
Ba ta kuka. Tana goge masa yashi da gefen zaninta.
Ba ta san mun jefa ta a akwatin waje ba.
A wurinta nan ne tsakar gida,
Rize ce bangon duniya,
in ma ta taɓa jin sunan.

Na ba ta minti uku a goshi.
Na datse musafahar Brussels gida biyu,
hannuwa ba za su yi ƙorafi ba.
Daga nan na tsinto daƙiƙa hamsin,
na ba gadata,
bayan alkama, kafin ƙwallo.
Sunan Remziye da hannuna na rubuta,
na ce wa mai karantawa kada ya haɗiye shi.

Jan fitila ta kama.
Na ƙirga da yatsa: biyar, huɗu, uku.
Duniya ta wuce a jere kamar taragon jirgi,
ƙauyenmu ya leƙo ta taga ɗaya, ya ɓace.
Ban sani ba, adalci na yi ko rowa,
ko kuwa tsoron a ce na yi son kai.

Gab da asuba, jiragen fito sun fara gurnani a mashigin ruwa,
saƙon Inna ya shigo:
"Mun gani a wayar malamin makaranta.
Kun yi sauri, ban ko gane gadar ba.
Waccan mai takalmin fa, an ga ɗan nata?"

Na rubuta: tukuna.
Tayfun ya ɗora sabon shayi.
Saura minti goma sha ɗaya a sake rabo.